Lissafin Kare Gari Idan Hari Ya Zo Ta Fuska Biyu: Daga Gidan Dara Zuwa Ganuwar Bebeji

Gabatarwa

Wasanni iri biyu ne. Akwai na ƙarfin jiki, kamar kokawa da langa, akwai kuma waɗanda ake yi a zaune da ƙwaƙwalwa kawai. A cikin kashi na biyu akwai rukunin da masana lissafi suka fi mai da hankali a kansa, wato wasannin dabara na bi-da-bi, inda ɗan wasa zai yi taku ɗaya sannan ya dakata abokin karawarsa ya yi nasa. Dara tana cikin wannan rukuni. Haka ma ces, wato darar Turawa, da wasannin kwamfuta irin su Civilization, wanda ya fito a 1991, inda mutum ke gina birane yana kare su daga maƙwabta.

Duk wanda ya daɗe yana irin waɗannan wasanni ya taɓa shiga matsala ɗaya: an kawo masa hari ta fuska biyu ko uku a lokaci guda, ga shi kuma abin da ke hannunsa bai isa ya tare ko'ina ba. Abin da ke fara zuwa a rai shi ne a raba ƙarfi daidai wa daida, rabi nan rabi can. Wannan maƙala za ta nuna, da lissafin da bai wuce na ɗan sakandare ba, cewa sau da yawa wannan rabo shi ne mafi muni, kuma abin da mai tsaro ya fi ƙarancinsa ba mayaƙa ba ne, lokaci ne.

Abin da ’yan dara suka sani

Dara iri-iri ce. Wadda ake nufi a nan ita ce mai gida 30, layi biyar a jeri shida, wadda ake tona gurabenta a ƙasa a gindin bishiya. Kowane ɗan wasa yana da ’ya’ya 12, wannan da duwatsu, wancan da tsinkaye. Ana fara dasa ’ya’yan ɗaya bayan ɗaya, bi-da-bi, sai an gama sannan a shiga tafiya. Ɗa yana matsawa gida ɗaya ne, gaba ko baya ko gefe, ba ya ratse. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin wasansa. Akwai ’yan bambance-bambance daga gari zuwa gari, amma ginshiƙin wasan ke nan.

To, a ɗauka abokin wasa ya ajiye ’ya’ya biyu a jere a kusurwar gabas, na ukun yana taku ɗaya da cika layi. Wannan ba abin tashin hankali ba ne, domin ana iya toshe gidan. Amma idan yana da irin wannan shiri a kusurwar yamma ma, magana ta canza. Taku ɗaya tak doka ta ba mai tsaro, barazana kuwa biyu ce. Ko da ’ya’yansa sun fi na abokin wasansa yawa, ba za su amfane shi ba, tunda guda ɗaya zai iya motsawa. Gwanayen dara ba sa jira su shiga wannan hali. Tun wajen dasa ’ya’ya suke hango inda layi biyu za su tashi, su cusa nasu a tsakani. Idan kuwa sun makara, sai su nemi ci a nasu ɓangaren, su ɗauke ɗan da shirin abokin wasa ya dogara a kansa. In hakan ma bai samu ba, su toshe barazanar da ta fi haɗari, su haƙura da ɗayar. Abin da ba su taɓa yi ba shi ne rabin taku a gabas, rabi a yamma, domin babu shi a doka.

Dokar Lanchester

A wasannin da ake ƙidaya mayaƙa, ana iya raba runduna gida biyu. Tambayar ita ce ko ya kamata. A 1916 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Frederick Lanchester, wanda ya yi suna wajen ƙera motoci, ya wallafa littafi kan amfanin jiragen sama a yaƙi, inda ya kawo lissafin da har yau ake koyarwa da sunansa. Ya ce idan kowane mayaƙi yana iya harbin kowane abokin gaba daga nesa, kuma makamansu ɗaya ne, to ƙarfin runduna ba yawanta ba ne, murabba'in yawanta ne, wato a ninka adadin da kansa. Dalili kuwa shi ne babbar runduna tana da riba biyu: tana zuba harbi da yawa, sannan harbin da ake yi mata yana rarrabuwa a kan mutane da yawa.

Hanyar lissafin mai sauƙi ce. A ninka kowace runduna da kanta, a ɗebe ƙarami daga babba, sannan a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da ragowar. Wannan lamba ita ce adadin waɗanda za su saura a ɓangaren da ya yi nasara.

Alal misali, mai tsaro yana da mayaƙa 100, an kawo masa hari da runduna biyu, kowace 60. Idan ya raba nasa 50 da 50, a kowane fage za a sami 3,600 a ɗebe 2,500, saura 1,100, wato maharan za su ci fagen da ragowar mutum 33. Ya rasa fage biyu da rundunarsa duka. Idan ya tsaya jira har maharan suka haɗu suka zama 120, to 14,400 a ɗebe 10,000, saura 4,400, maharan sun yi nasara da ragowar mutum 66. Amma idan ya kwashi 100 ɗin duka ya faɗa wa runduna ta farko ita kaɗai, 10,000 a ɗebe 3,600, saura 6,400, ya fita da mutum 80. Ya juya da su kan ta biyu, 6,400 a ɗebe 3,600, saura 2,800, wato kusan mutum 53. Mutum 100 sun ga bayan mutum 120, fiye da rabinsu kuma suna nan da rai. Makami bai canza ba, jarunta ba ta ƙaru ba. Abin da ya canza kawai shi ne an yi yaƙin ɗaya bayan ɗaya.

Ya kamata malami ya ja kunnen ɗalibai a nan. Lanchester kansa ya ce idan yaƙin na gaba-da-gaba ne, takobi da takobi, kowa da abokin karawarsa ɗaya, to ba a ninkawa: 100 a ɗebe 60 saura 40, su kuma 40 ba za su iya da 60 na biyu ba. Haka nan da masana suka gwada dokar murabba'i a kan yaƙe-yaƙen gaske, ta yi kusa da abin da ya faru a wasu, kamar na tsibirin Iwo Jima a 1945, ta kuma kauce a wasu da yawa. Doka ce ta allo, wadda ke nuna alkibla.

Wasa a kan taswirar kudancin Kano

Lissafin da ya gabata ya ɓoye abu guda: yayin da ake yaƙi da runduna ta farko, me ta biyun take yi? Ba za ta zauna tana jira ba. Domin ganin wannan, ga wani wasa da za a iya zanawa a allo ko a ƙasa, da garuruwan da ɗaliban yankin suka sani. A zana Kwanar Ɗangora a tsakiya, inda hanyar Tudun Wada ta rabu da titin Kano zuwa Zariya. A ja layi zuwa Ƙiru, taku ɗaya. A ja zuwa Bebeji, taku ɗaya. A ja zuwa Tudun Wada, taku biyu, daga can kuma zuwa Doguwa ta dajin Falgore, taku biyu. Waɗannan lambobi na wasa ne, ba ma'aunin nisan hanya ba ne. Yaƙi yana cin taku ɗaya. Gari mai ganuwa da masu gadi 10 yana iya jure kewaye na taku uku.

Mai tsaro yana Kwanar Ɗangora da mutum 100. Runduna ta 60 za ta iso Ƙiru a taku na 2, wata 60 kuma ta taso daga wajen Doguwa za ta iso Tudun Wada a taku na 3. Sai ya tura 10 zuwa Tudun Wada, su isa a taku na 2 su rufe ƙofa. Sauran 90 su isa Ƙiru a taku na 1, su yi yaƙi a taku na 2: 8,100 a ɗebe 3,600, saura 4,500, wato mutum 67. A taku na 3 su koma Kwanar Ɗangora, a taku na 4 da na 5 su yi hanyar Tudun Wada. Ganuwa ta riƙe a taku na 3 da na 4 da na 5, saboda haka sun iso a kan gaɓa. Su 67 su haɗu da masu gadi 10 su zama 77, a taku na 6 su fuskanci 60: 5,929 a ɗebe 3,600, saura 2,329, wato mutum 48.

A lura da farashin. Ware mutum 10 ya rage sakamakon daga 53 zuwa 48, wato mutum biyar aka biya aka tsare gari guda. Yanzu a canza doka ɗaya, a ce ganuwar taku biyu kawai take jurewa. Gari ya faɗi, masu gadi sun tafi, mutum 67 za su fuskanci 60, a sami 4,489 a ɗebe 3,600, saura 889, wato kusan mutum 30, idan ma maharan sun yarda sun fito fili ke nan, maimakon su shige cikin ganuwar da suka kama. Taku ɗaya na ganuwa ya kai darajar mutum 18 da gari guda. Aikin ganuwa ke nan a lissafi: ba ta kashe kowa, lokaci take saya.

Wani abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne tambayar wace runduna za a fara da ita idan ba su kai juna ba, a ce 70 da 40. Wasu za su ce a fara da ƙarama don a sami sauƙi, wasu su ce da babba tun da sauran ƙarfi. A gwada duka biyun. Ko ta ina aka fara, 10,000 ne za a ɗebe wa 4,900 da 1,600, saura 3,500, wato mutum 59. Girman runduna ba shi ke yanke hukunci ba. Abin dubawa shi ne wadda ta fi kusa, da kuma ganuwar da ta fi daɗewa tana jurewa.

Sojojin Turai suna kiran wannan dabara cin moriyar hanyar ciki, domin wanda yake tsakiya hanyarsa daga fage zuwa fage ta fi ta waɗanda suka kewaye shi gajarta. A watan Agusta na 1914 rundunoni biyu na Rasha suka shiga gabashin Jamus, ɗaya daga gabas, ɗaya daga kudu. Jamusawa suka bar ’yan mahaya dawaki kaɗan a gaban ta farko, suka kwashe sauran, wasu ta jirgin ƙasa, suka kewaye ta biyu a Tannenberg, suka kama fiye da mutum 90,000. Napoliyon ya gwada irin haka a 1815. Ya kori sojojin Furushiya a Ligny ranar 16 ga Yuni, ya ware kimanin mutum 33,000 su bi su, shi kuma ya juya kan Ingila da ƙawayenta a Waterloo ranar 18. Waɗanda ya ware ba su tare hanya ba, ’yan Furushiya suka iso fagen da yamma, yaƙin ya ɓaci.

Idan ba a san ta ina za a zo ba

Duk abin da ya gabata ya ɗauka mai tsaro yana ganin taswira gaba ɗaya. A yawancin wasannin kwamfuta ana rufe wurin da ɗan wasa ba shi da mai leƙen asiri, a yaƙin gaske kuwa abin ya fi haka duhu. Masanin lissafi na Faransa Émile Borel ya yi nazarin wannan a 1921, daga baya aka sa wa matsalar suna wasan Kanar Blotto. Ɗalibai biyu za su iya yin sa da tsakuwa tara-tara da ƙofofi uku. Kowa zai raba nasa a ɓoye, sannan a buɗe. Wanda ya fi yawa a ƙofa ya ci ta, wanda ya ci ƙofa biyu ya ci wasan.

Mai rabon 3-3-3 zai sha kashi a hannun mai 4-4-1, wanda ya sadaukar da ƙofa ta uku ya ci biyun farko. Shi kuma 4-4-1 zai faɗi a gaban 5-2-2, domin 5 ta fi 4, 2 kuma ta fi 1. To amma 5-2-2 ba zai iya da 3-3-3 ba. An dawo inda aka fara. Babu rabo ɗaya da ya fi duka, kuma duk wanda aka san al'adarsa, dara za ta ci gida. Mafita ita ce a riƙa sauya rabo ba tare da tsarin da abokin gaba zai iya karantawa ba. John von Neumann ya tabbatar a 1928 cewa a irin wannan wasa na mutum biyu, inda ribar ɗaya ita ce asarar ɗayan, akwai wata cakuɗar zaɓi da ke ba kowa mafi kyawun abin da zai iya lamuncewa kansa. Daga nan fannin nazarin wasanni ya kafu, wanda yanzu masana tattalin arziki suka fi kowa amfani da shi.

Ƙasar Kano a ƙarni na 19

Sarakunan Kano ba su karanta Lanchester ba, amma matsalar da suka zauna da ita ke nan kusan shekara ɗari. Daga arewa maso yamma akwai Maraɗi, inda sarakunan Katsina na da suka koma bayan jihadi. Daga gabas akwai Haɗeja a zamanin Sarki Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye har ya rasu a 1863. Daga kudu maso gabas akwai Ningi, inda Malam Hamza da mabiyansa suka koma daga Tsakuwa a shekarun 1840, suka kafu a cikin duwatsu. A ƙarshen shekarun 1890 kuma Damagaram ta kawo yaƙi daga arewa har wajen Gezawa. Ba duka suka zo rana ɗaya ba, amma duk sarkin da ya fita da dawakinsa ta wata fuska ya san ya bar wata a buɗe.

Amsar da aka bayar ita ce ta wasan da aka zana a sama: garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, da babbar rundunar dawaki a birni. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙarfafa kafa ribaɗi, shi da kansa ya zauna a na Wurno har ya rasu a can a 1837, Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, shi ma ya kafa nasa. Baturen nan Clapperton, da ya ratsa ta Bebeji a 1826, ya same ta babban gari mai ganuwa. Idan mahara suka ɓullo, mutanen ƙauye su kwashi iyali da dabbobi su shige gari a rufe ƙofa, ɗan aike ya sukwano birni.

Ningawa ne suka nuna iyakar dabarar. Ba su cika tsayawa a yi fito-na-fito a fili ba. Sukan faɗa wa ƙauyuka, su kwashi mutane da dukiya, kafin dawakin Kano su iso sun koma cikin duwatsu inda doki ba shi da amfani. Dokar murabba'i tana aiki ne idan abokin gaba ya tsaya. Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, wanda ya hau gado a 1855, ya yi shekaru yana kai musu yaƙi, amma Ningi ba ta daina kai hari ba har zuwan Turawa.

A 1903 tsarin ya rushe ta gefensa biyu. Rundunar Kanar Morland, mai mutum ɗari bakwai da wani abu, da igwa huɗu da bindigogi masu ruwa, ta bar Zariya ranar 29 ga Janairu. Bebeji ta rufe ƙofa kamar yadda aka saba. Harsashin igwa ya fasa ƙofar, Sarkin Bebeji yana cikin waɗanda suka rasu, garin ya faɗi a yini guda. A harshen wasan, ganuwar da aka gina don ta sayi taku uku ba ta sayi ko ɗaya ba. Rundunar da ya kamata ta kawo ɗauki kuwa tana nesa, domin Sarki Alu ya tafi Sakkwato da yawancin hakimansa da dawakinsu. Birnin Kano ya faɗi ranar 3 ga Fabrairu. Sai a ƙarshen watan ne rundunar da ke dawowa, ƙarƙashin Waziri Ahmadu, ta gamu da Turawa a Kwatarkwashi, inda Wazirin ya rasu. Lanchester yana da lissafin wannan ma: ƙarfi shi ne murabba'in yawa a ninka da ingancin makami. Idan bindiga mai ruwa ta ninka kibiya sau 100 wajen ɓarna, sai an tara ninki 10 na mutane kafin a yi kunnen doki, kuma sai dukansu sun kai inda kibiyarsu za ta isa.

Aikin aji

Malami zai iya raba aji gida uku, ɗaya mai tsaro, biyu mahara, a hana maharan yin magana da juna bayan an fara. A fara da lambobin da aka bayar, sannan a ƙara runduna ta uku mai mutum 30 da za ta iso Bebeji a taku na 4. Ɗalibai su lissafa ko mutum 100 za su iya kare garuruwa ukun, in kuwa ba za su iya ba, wanne ya kamata a bari. Daga nan a ba mai tsaro zaɓi tsakanin ƙarin mayaƙa 10, ko ƙarin taku ɗaya ga ganuwar Tudun Wada, ko gyaran hanya da zai mai da tafiyar Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada taku ɗaya. Kowane rukuni ya rubuta zaɓinsa a takarda kafin a yi lissafi, sannan a gwada a allo.